Mu Koma Dakan Yajinmu, Mu Kuma Daina Ɓoye Haɗin

 

Yau maganar yaji za mu yi. Ba yajin aiki ba, ba kuma wanda uwargida ke yi ta kwashi kayanta ta tafi gidansu ba, Allah ya raba mu da wannan. Yajin ci muke nufi, na turmi da taɓarya. Mun san wani zai ce duk abin da ke gabanmu a garin nan, ga kuɗin haya, ga kuɗin makaranta, ga tsadar mota, sai yaji muka gani? A yi haƙuri a karanta tukuna.

Kwanakin baya an yi suna a layinmu. Aka yanka rago, aka soya nama, aka rarraba wa maƙwabta da ɗan ƙullin yaji kamar yadda aka saba. Yajin nan ja wur, gwanin sha'awa. Amma duk wanda ya dangwala da naman, sai yatsunsa suka rine kamar ya ƙunsa lalle, aka wanke da sabulu bai gama fita ba sai washegari. A baki kuwa babu ƙamshin citta, babu na kanumfari, sai gishiri da wani gari-gari mai kama da dusa. Babu wanda ya ga laifin mai jego. Yarinya ce, haihuwar fari, mahaifiyarta tana can gida, kuɗin motar zuwa Legas ya gagara. Da aka rasa mai daka, sai aka aiki yaro kasuwa ya sayo na leda. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, wannan yajin da muka ci sau ɗaya muka yi tsaki, shi ita za ta yi ta ci safe da yamma har ta yi arba'in, tana shayar da jariri.

Ra'ayinmu a nan abu biyu ne. Kowane gida ya koma daka yajinsa, ko ya saya wurin wadda ya sani ya kuma san inda take daka. Sannan waɗanda Allah ya ba sanin haɗi su daina riƙe shi kamar lambar asusun banki.

Gara mu fara da kanmu, domin barkonon da ake ci a Kudu mu muke kawo shi. Daga Ɗanja da Funtuwa, daga Kura da Kadawa, daga Gashuwa, motoci ke sauke shi a Mile 12, kuma 'yan uwanmu ne ke kan buhunan. Saboda haka ba sai wani ya ba mu labarin abin da ke faruwa ba. Barkono mai kyau ana sayar da shi da kwansonsa, mai saye ya gani da idonsa. Wanda ruwa ya taɓa, wanda ya yi fari, wanda ƙwari suka ci, da tsintar ƙasan buhu, shi ne sau da yawa ke tafiya inji, domin idan ya zama gari asirinsa ya rufu. Idan launin ya kashe sai a ƙara jan kala. Idan ana son ya yi auki sai a ƙara dusa ko garin masara. Ba kowane mai sayar da gari ke yin haka ba, akwai masu tsoron Allah da yawa, amma mai saye ba shi da hanyar rarrabewa. Mu da muke karanta Suratul Muɗaffifina a sallah, bai kamata a ce da hannunmu a cikin wannan ba. Kuma mai yi ya tuna ledar da ya ƙulla yau, gobe tana iya faɗawa hannun ƙanwarsa mai jego.

Maganar rini ba tatsuniya ba ce, kuma ba a nan kaɗai ake yi ba. A 2005 sai da hukumomin Ingila suka sa aka kwashe ɗaruruwan kayan abinci daga kantuna, saboda an gano wani jan rini na masana'anta a cikin garin barkonon da aka sarrafa su da shi, rinin da aka hana sa wa abinci don ana zargin yana jawo ciwon daji. Can inda ake da ɗakunan gwaji ke nan ya wuce har ya kai kanti. Ina ga ledar da ba suna, ba adireshi, ba lambar NAFDAC? Wasu na cewa a zuba cokali ɗaya a kofin ruwa: idan ja ya tsirgo nan take akwai kala, idan abu ya kwanta a ƙasa yana ƙaras-ƙaras akwai yashi ko garin bulo. Gwajin yana da amfani, amma akwai rinin da ba ya narkewa a ruwa sai a mai. Irin wannan ruwan kofi ba zai tona shi ba, sai ya haɗu da maiƙon nama, kamar yadda yatsunmu suka shaida.

Abin da ya fi rini ba mu tsoro shi ne fumfuna. A gida, barkono ya bushe a rana ya bushe ke nan, iskar can ba ta da ruwa. Nan kuwa daga Afrilu zuwa Oktoba ko takalmi ka ajiye a ƙarƙashin gado sai ya yi fari. Barkono da gyaɗa da masara idan suka yi laima suka yi fumfuna, akwai gubar da wannan fumfuna ke bari, likitoci na kiranta afalatoksin. Tana taɓa hanta, tana cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda kowa ya san yana da yawa a cikinmu. Tafasa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. To yajin ƙuli barkono ne da gyaɗa a haɗe. Idan duka biyun daga kayan da suka lalace aka yi su, mai ci ya haɗa biyu a loma ɗaya. Wadda ta sayi barkononta da kwanso, ta zauna ta tsince shi, ta zubar da mai fari da mai baƙi a ciki, ta kauce wa mafi yawan wannan.

Sai gishiri. Mai sayarwa ya san gishiri ya fi barkono araha, ya kuma fi shi nauyi. Ɗanɗana yajin leda ka ji, kusan rabinsa gishiri ne da dunƙule, shi kuma dunƙulen kansa kusan rabinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a duk abincin da zai ci. Mu kuwa ga gishiri a miya, ga dunƙule a miya, sannan mu kawo yaji mu barbaɗa cokali biyu a kai. Gida nawa ne a cikinmu babu mai shan maganin hawan jini? Idan ke kika daka, ke ce mai iko. Kina iya yi wa Alhaji nasa daban, mai daddawa da yawa da ɗan gishiri kaɗan, ya ci tuwonsa da daɗi ba tare da an yi faɗa da likita ba.

Mun san amsar da za a ba mu, kuma ba mu raina ta ba. Wadda ke zaune a ɗaki ɗaya a hawa na biyu, ina za ta kafa turmi? Taɓarya uku za ta sauke mai gida ya hauro. Ga tari da atishawa, maƙwabta su yi ta ƙorafi. Ga kayan sun yi tsada: tun da cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kaciya da sauran Kudancin Kaduna a 2023, kuɗin citta ya yi tashin da kowa ya ji a jikinsa. Ga lokaci, mace ta tashi da asuba ta yi abincin sayarwa, ta kai yara makaranta, ta dawo. Duk gaskiya ne. Amma yaji ba tuwo ba ne da za a ce kullum sai an tuƙa. Sau uku ko huɗu a shekara ya isa gida. Gida biyar na iya haɗa kuɗi su sayi robar fenti ɗaya ta barkono maimakon kowa ya sayi derika, su taru a tsakar gidan wadda ke ƙasa su daka a yini ɗaya, su raba. Da ma haka iyayenmu ke yi, ba su taɓa dakan yajin jego su kaɗai ba. Wadda ba ta da turmi, bilenda mai ƙaramin kofin niƙa busassun kaya tana yi, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana barin ta ta huta. Idan kuma injin kasuwa za a kai, a je da sassafe kafin a fara markaɗen jiƙaƙƙen kaya, a tsaya a kai, a sa mai inji ya fara wuce ɗan busasshen barkono ya share hanya. Injin da ya gama niƙa jiƙaƙƙen wake ya karɓi yajinki, kafin mako biyu zai dunƙule ya yi tsami.

Tun da mun ce a daina ɓoyo, bari mu fara buɗe namu. Ga yadda ake yi a gidajen wasu daga cikinmu, da gwangwanin madara a matsayin ma'auni.

Yajin daddawa, na tuwo da miyar kuka ko kuɓewa busasshiya. A samu barkono gwangwani 4, a tsince, a cire hancinsa, a baza a faranti a rana har ya riƙa karyewa ƙas idan an matsa. Idan rana ta ƙi fitowa, a zuba a busasshiyar tukunya a kan wuta kaɗan, ana juyawa na 'yan mintuna, kada a bari ya yi baƙi, ƙonannen barkono ɗaci yake yi. A ƙara busasshen tattasai gwangwani 1, shi ke kawo jan da ake nema, ya kuma sassauta zafi. Daddawar kalwa kamar ƙwaya 6, a gasa ta sama-sama ko a shanya ta bushe ƙarau. Busasshiyar citta rabin gwangwani, masoro babban cokali 1, kanumfari babban cokali 1, gishiri babban cokali 2. A fara daka citta ita kaɗai, ita ce mai taurin kai, sai masoro da kanumfari, sai barkono da gishiri, daddawa a ƙarshe. A tankaɗe da rariya mai laushi, a mayar da tsakin turmi. Kafin a fara dakan barkonon, a ɗiga masa man gyaɗa ƙaramin cokali ɗaya a murza. Ƙurar ba za ta tashi ta shaƙe mutane ba, launin kuma zai fito. Wadda ba ta samu daddawar gida ba, irun Yarbawa ɗiyan ɗorawa ne shi ma, sai dai ɗanye ake sayar da shi, da gishiri a jikinsa. Dole a shanya shi ya bushe sosai, a kuma rage gishirin haɗin.

A nan ma akwai saɓani tsakaninmu. Wata Hajiya 'yar Sakkwato ta ce yajin daddawa ba tafarnuwa ai ba yaji ba ne, wata 'yar Zariya ta ce tafarnuwa tana danne ƙamshin daddawa. Mun ɗanɗana duka biyun, mun kasa yanke hukunci, sai dai a gidanmu na Zariyan ya riga ƙarewa. Mai son tafarnuwa ta kiyaye abu ɗaya: kada ta daka ɗanya ta rufe a kwalba. A ɓare, a yayyanka siriri, a shanya ta bushe tukuna. Idan kuma an daka ta ɗanya tare da barkono da gishiri, a sake baza yajin a rana yini biyu kafin a tankaɗe. Shi ya sa muke ganin watan Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke ɗan leƙo Legas, shi ne lokacin babban daka.

Yajin ƙuli, na tsire da gurasa da soyayyen dankali da doya. Ƙuli-ƙuli gwangwani 4, barkono gwangwani 1, citta rabin gwangwani, kanumfari da masoro ƙaramin cokali ɗai-ɗai, gishiri da dunƙule daidai baki. Duk maganar tana wurin ƙulin. A nan ana sayar da mai sukari, na ci da garin kwaki. Wannan ba na yaji ba ne, a wuta ƙonewa yake yi ya yi baƙi. A nemi wanda ba sukari, wanda aka matse mansa sosai, ya soyu har ciki. A karya a duba cikin, a shinshina. Idan yana warin tsohon mai a bar shi. Kuma kada a daka da yawa, domin maiƙon gyaɗa ba ya jure ajiya, na wata ɗaya ya isa. A daka ƙulin daban, kayan yajin daban, sannan a haɗa a tankaɗe. Idan aka zuba su tare, ƙulin zai riga yin laushi ya kama turmi ya dunƙule.

Sai yajin jego, wanda shi ya jawo duk wannan magana. Shi barkono ba shi ne babba a cikinsa ba. Citta ce ke gaba, sai kimba, masoro, kanumfari, fasaƙwari, tafarnuwa da daddawa, barkonon daidai yadda mai jego za ta iya ci da yawa ba tare da ya ƙona mata ciki ba. Kimba ana fasa ta a zubar da 'ya'yan, kwanson ake so, 'ya'yan ɗaci ne da su. Wadda ba ta ga waɗannan a wurin mai kayan ƙamshinmu ba, ta tambayi matan kasuwa da sunan da suka sani. Kimba ita ce eru wurin Yarbawa, uda wurin Ibo. Masoro shi ne iyere ko uziza. Su ma da su suke yi wa masu jegonsu farfesu. Abu ɗaya muke roƙo a nan, kuma mun san wasu iyayenmu ba za su so ji ba: a sassauta kanwa da gishiri ga mai jego. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin matanmu bayan haihuwa, suka kuma danganta shi da yawan shan kunun kanwa haɗe da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, ko numfashi ke yi mata wuya idan ta kwanta, asibiti za a kai ta, ba ƙarin yaji za a yi mata ba.

Wani abin da ba kowa ya sani ba, barkonon nan da muke ji kamar da shi aka halicce mu, baƙo ne. Asalinsa nahiyar Amurka, wajen Meziko da ƙasashen kudu da ita, Turawan Fotugal suka yaɗa shi bayan ƙarshen ƙarni na 15. Kafin zuwansa, masoro da kimba da citta mai ƙwaya ne ke ba miyar kakanninmu zafi. Wato yajin jego, mai ƙarancin barkono da yawan waɗannan, ya fi kusa da tsohon haɗin. Idan ya ɓace mana, abin da ya ɓace ya girmi barkonon kansa.

Kuma yana ɓacewa. A unguwar nan akwai wata tsohuwa, Allah ya ji ƙanta, wadda duk gidan da aka haihu ita ake kira. Ba ta awo da gwangwani, da tafin hannu take yi, ta shinshina ta ce a ƙara kaza. Sau nawa 'yan mata suka tambaye ta, sai ta yi dariya ta ce ku dai ku daka. Ba rowa take yi ba, a ganinta ai ba abin da za a zauna a koyar ba ne. Ta rasu, jikokinta suna nan, babu wadda ta san abin da take sawa har yajinta ya yi wata shida bai canza ƙamshi ba. Yaranmu da aka haifa a nan da yawa ba su iya bambanta masoro da kanumfari ba. Laifinmu ne, mu da muke ganin shigarsu kicin ɓata lokacin karatu ne, mazansu da matansu.

Akwai kuma masu ɓoyewa da gangan, kuma hujjarsu tana da nauyi. Bazawara ko marainiyar da ke ƙulla yaji tana sayarwa, da shi take biyan haya, idan ta faɗi haɗinta me ya rage mata? Haka mai tsire, yajinsa ne jarinsa. Ba mu ce kowa ya tona asirin sana'arsa ba. Wannan ɗan abu ɗaya da ya bambanta naki da na kowa, riƙe abinki. Amma tushen haɗin, da yadda ake tsince barkono, da yadda ake busarwa da ajiya, wannan ba na mutum ɗaya ba ne, gadonmu ne gaba ɗaya. Kuma a ganinmu faɗar sa ba zai rage miki ciniki ba. Kowa ya san yadda ake ƙosai, amma da safe layi ake yi wurin mai ƙosai. Matar da ta taɓa tsince barkono gwangwani huɗu ta daka citta da hannunta, ita ce za ta gane dalilin da naki ya fi na leda tsada, ta biya ba ciniki. Wadda ba ta sani ba kuwa, ja kawai take dubawa, kuma a wurin ja mai kala ya fi ki. Don haka masu sayarwa a cikinmu su rubuta abin da ke cikin yajinsu a jikin roba, da ranar da aka daka. Mu kuma masu saye mu daina tsallake maƙwabciyarmu muna tafiya kasuwa don ragin naira ɗari biyu.

Game da ajiya, kwalba mai murfi mai kamawa ta fi leda da roba. A wanke, a shanya ta bushe sarai. A ɗebi na mako a ƙaramar kwalba, babbar a rufe a ajiye nesa da murhu da tururi. Kada jiƙaƙƙen cokali ya shiga. Idan ya dunƙule ko ƙamshinsa ya juya, a zubar, kada a ce asara.

A taronmu na wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, muna roƙon kowace uwa ta zo da ɗan yajinta a kwalba da haɗinsa a rubuce. Wadda ba ta rubutu ta zo da 'yarta ko jikarta ta rubuta mata, da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Masu tsire da masu kilishi ma ba a cire ku ba. Za a kawo dafaffen dankali da ɗanwake na ɗanɗano. Sannan za mu ɗauki sunayen mata huɗu ko biyar da za a riƙa kira dakan yaji duk gidan da aka haihu kuma babu uwa a kusa, ƙungiya ta sayi turmi biyu da rariya a ajiye don wannan. 'Yan uwanmu na Mile 12, a cikinku muke neman wanda zai ɗauki nauyin zaɓo mana barkonon da kansa. Wanda ya amince ya sanar da sakatare kafin Juma'a.